Tayin Mota Mai Ɗaki a Abu Hail

Na tafka wauta iri-iri a zamana na Dubai, amma wadda har yanzu in na tuna nake dariya ni kaɗai a ƙofar gida, jikoki su ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni, ita ce ta sanyin shekarar da na ƙarar ina tayin wata mota mai ɗaki da banɗaki a cikinta. Ni da ko lasisin tuƙi na ƙasar ba ni da shi. Abin da na taɓa tuƙawa a duniya akori-kurar ƙanin babana ce, ita ma sai an tura.

A wani ofishin kago, wato na jigilar kaya, nake aiki a unguwar Al Khabaisi. Kada ka ji na ce ofis ka ɗauka biro nake riƙewa. Karatuna bai wuce aji uku na firamare ba, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya. Ni ne mai ɗaurin kaya. 'Yan kasuwar Kano su zo su sayi abaya da turare da takalma da waya, ni in ɗaure, in ɗora a sikeli, in cusa a kwantena har iska ta rasa wurin zama. An san ni a wannan layin. Alhazan da a Kano ko kallo ban ishe su ba, in sun sauka sai sun ce a nemo musu ni, su kama hannuna su ce kayansu amana ne a wuyana.

Kwana kuwa a Hor Al Anz muke yi, mu shida a ɗaki ɗaya, gado bisa gado. Ni ina ƙasa saboda gwiwa. Na samana wani mutumin Kafanchan ne mai gyaran esi, wato na'urar sanyaya ɗaki. Kirista ne da ba ya wasa da coci, don haka na sa masa Fasto, shi kuma yake ce min Baba Alhaji, alhali ya san sarai a lokacin ban taka Makka ba. Shekaru da yawa tafin ƙafarsa ne abin da nake fara gani in na buɗe ido.

A gida na bar uwar yara da alkawari. Duk zuwan da na yi hutu sai ta tambaye ni yaushe ne dawowar gaba ɗaya, ni kuma amsata ɗaya ce: ba zan yi wannan daɗewar a ƙasar Larabawa in dawo da jakar turare kamar wanda ya je Umara ba, sai na samo abin da ba a taɓa gani a unguwarmu ba. Amsar ta yi min aiki ƙwarai, domin abin da ba a taɓa gani ba ba shi da ranar samuwa. Abin da ban gaya mata ba shi ne tsoron benci nake yi. Na ga sa'annina da suka koma. 'Yan watanni ana zuwa sannu da zuwa, daga nan sai bencin ƙofar gida da rediyo da jiran a kira salla.

Wata Juma'a, lokacin Juma'a ce ranar hutu a can, Fasto ya dawo daga coci ni na dawo daga masallaci, muka fita miƙe ƙafa wajen Abu Hail saboda garin ya yi sanyi mai daɗi. A wani layi na tsofaffin gidaje masu katanga muka gan ta a ƙarƙashin bishiya. Fara ce da ratsin ruwan ƙasa, ta fi bas ɗin haya tsawo, goshinta ya turo gaba a saman wurin direba kamar an ɗora mata gammo. Larabawa karafan suke ce mata. In sanyi ya shigo sukan shiga irinta su tafi sahara su yi kwana biyu. An manna takarda a gilashinta. Fasto ya karanta ya ce ta sayarwa ce.

Mai ita wani tsoho ne Basudane, dogo siriri, ya yi aikin asibiti a ƙasar har ya yi ritaya. Idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa sun hana shi tuƙi mai nisa, shi ya sa zai rabu da ita. Ya buɗe mana bai tsaya ƙare wa takalmanmu kallo ba. Na sa ƙafa ciki na tsaya kamar ɗan ƙauye a gidan gwamna. Ga gado a can ƙurya, ga wani a cikin goshin nan, ga murhun gas, ga firij, ga wurin wanke kwano da famfonsa, ga ɗan teburi da kujeru. Na buɗe wata ƙofa da nake zaton ta kabad ce, sai ga masai.

A nan na yi wautar farko. Na zauna a kujerar direba, na gyara zaman hula, na ce Fasto ya ɗauke ni hoto, na tura wa uwar yara. Kafin mu koma ɗaki hoton ya zaga unguwa. Ta kira ni muryarta kamar ta amarya.

«To, ga abin da ba a taɓa gani ba ya samu. Kafin azumi ke nan?»

Na ce in Allah ya yarda. Me zan ce? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Lissafin da na yi mata a waya ya yi kyau har ni ma ya burge ni. Motar ta fi ƙarfin kwantena, to za a sa ta a jirgin ruwa mai ɗaukar motoci zuwa Legas, a nemo direba ya hauro da ita. A Kano in riƙa ba da ita haya ga masu ɗaukar amarya da 'yan siyasa masu yawon ƙauyuka. Kuɗin da tsohon ya faɗa ya ɗara abin da na tara, amma ba ɗarawar da za ta sa mutum ya juya ba. Sai ciniki.

Babana dillalin shanu ne a kara, kuma duk ilimin da na gada daga wurinsa guda ne: ba a yabon saniya a gaban mai ita. Ka buɗe bakinta, ka ɗaga kofato, ka ja wutsiya, ko ba ka ga komai ba ka girgiza kai ka yi tsaki. Kushe shi ne rabin ciniki. Mai saniya ya san wasan, shi ma zai rantse maka cewa ko jiya an taya ta da fin haka, ka taya ya ce albarka, ka ƙara ya ce albarka, har ku haɗu a tsakiya kowa yana ganin shi ya ci riba. Da wannan ilimin na koma Abu Hail Juma'ar da ta biyo, Fasto a gefena yana fassara, domin Larabcina na kago ne, bai wuce yalla da khalas da shwaiya ba.

Na fara da ƙafafu, yadda ake yi wa saniya. Haƙoran tayoyin a cike suke kamar sababbi, na rasa abin faɗa, sai Fasto ya tsuguna ya nuna min gefensu duk ya yi tsaga-tsaga kamar kaushin diddige. Rana ce ta cinye su a tsaye. Na samu abin da nake so. Na yi tsakin babana, na girgiza kai, na taya rabin kuɗi, na gyara tsayuwa ina jiran rantsuwa.

Tsohon bai rantse ba. Ya sunkuya ya shafa tayar da hannu, tunda idon ba ya gani sosai, ya ce gaskiyata ce, ya gode da na nuna masa. Bai ce komai a kan tayina ba. Da muka koma wata Juma'ar, sababbin tayoyi ne a ƙafarta, har da 'yan gashin robar nan.

Na ce wa Fasto da Hausa wannan bawan Allah bai san wasan ba. Fasto ya ce watakila ni ne na shigo filin da ba nawa ba.

Haka muka shiga sanyin nan. Duk Juma'a bayan masallaci da coci sai Abu Hail. Na ce batirin ɗakin ba ya riƙe wuta, ya canza. Na ce janareto yana tari kamar mai shan taba, ya kira aka wanke masa ciki. Firij yana sanyi a sama ba ya yi a ƙasa. Wannan Fasto ne ya gyara da kansa, ya ƙi karɓar ko dirhami, na ce masa ban taɓa ganin ɗan rakiya ya koma bayan mai kaya ba. Na sa a tayar da injin na kara farin ƙyalle a bakin salansa in ga ko zai yi baƙi, bai yi ba. Na zaro sandar baƙin mai na murza a yatsa na shinshina, na yi jim kamar boka, alhali ban san abin da nake nema ba. Tsohon ya zagaya da mu layin a hankali, Fasto ya kasa kunne yana jin shigar giya, ya sa shi ya taka birki da ƙarfi har butar shayi ta faɗo. Mitar ta nuna ba ta yi tafiya da yawa ba, na so in ɓoye murnata, sai Fasto ya ce ba duka ne abin murna ba, motar da ta daɗe a tsaye ciwonta a ɓoye yake, robobi su bushe, ruwan tanki ya yi wari. Muka bi famfo ɗaya bayan ɗaya, muka ƙwanƙwasa bango muna neman inda ya yi laushi. Ba mu samu ba.

Da kushen gaskiya ya fara ƙarewa sai na shiga na ƙarya. Na tambayi inda abin masai yake zuwa, aka nuna min tanki a ƙarƙashi, aka ce mai mota ne ke zubarwa da kansa. Fasto ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce za a ga Alhaji mai mota yana fita da bahon kashi da sassafe, lallai ba a taɓa gani ba a unguwa. Na share shi. Na shiga banɗakin na fito na ɓata fuska, na ce a gaya wa tsohon akwai babbar matsala: masan yana kallon alƙibla. Fasto ya ce ba zai fassara ba, na ce sai ya fassara. Tsohon ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya je ya zauna a kujerar direba, ya tayar da mota, ya yi baya ya yi gaba har ta juya gefe, ya kashe, ya waiwayo ya ce min, «Yanzu fa, ya hajji?»

Ranar ce na fara jin dariyar tsohon.

In mun gama duba abin dubawa sai ya ɗora shayi a murhun motar, mai na'ana'a da sukari kamar ba gobe, mu zauna a teburin nan mu uku gwiwa na gugar gwiwa. Ya ba mu labarin wuraren da ya kai ta, bakin teku da gindin duwatsu, yadda sanyin sahara ke shiga ƙashi. Rabin maganar ba na ji, amma ba ta dame ni ba. Wata rana na ce zan gwada katifa, ai ba a sayen gado ba a kwanta ba. Na ja ƙofar da ta raba ƙuryar da sauran motar na kwanta. Rabona da in rufe ƙofa ni kaɗai a cikin ɗaki har na manta. Babu ƙafar kowa a samana, babu mai waya da matarsa a gefena, sai inuwar ganye tana motsi a labule. Sai la'asar sakaliya Fasto ya tashe ni, ya ce in dai katifar ce an ji sakamakon gwajin tun daga bakin titi.

Labulen nan shi ne inda na yi ɓarna. Masu fure ne shuɗaye, sun koɗe, ɗinkin hannu. Wata Juma'a da na rasa abin kushewa na kama gefen ɗaya da yatsa biyu na ce ko a gwanjo ba za a karɓa ba, a rage min kuɗinsu. Wannan karon Fasto bai yi musu ba, ya fassara, ina jin ya gaji da ni ne. Tsohon ya juya kofinsa a kan teburi. Sannan ya ce matarsa ce ta ɗinka, shekarar da suka sayi motar, kuma ta rasu. Ban san inda zan sa fuskata ba. Na yi masa ta'aziyya da Hausa, da Larabcin salla, da duk abin da ya zo bakina. Da muka dawo mako na gaba babu labule ko ɗaya, rana tana shigowa tsirara. Ya ce ya cire su, ba sa cikin ciniki, kuma ya rage min kuɗinsu kamar yadda na nema. Babana bai taɓa gaya min abin da ake yi in mai saniya ya yarda da kushenka ba.

Duk wannan lokacin uwar yara tana shiri. Ta sa an share filin gefen gida inda za a ajiye motar, an kwashe bulon da ya shekara a wurin. Ƙaramar 'yarmu ta riga ta zaɓi gadon cikin goshi. Duk kiran da ta yi sai in ce ana kan dubawa, ba a gaggawa da abin kuɗi, ta ce haka ne.

Sanyi ya fara janyewa, azumi ya matso. Wata Juma'a muna zama, shayi bai ko tafasa ba, tsohon ya ce wa Fasto ya gaya min ya gaji da tallar, kuma ya fi so motar ta je hannun wanda ya san ta ciki da waje. Ya faɗi kuɗi. Tayina na farko ne, rabin nan da na yi don wasa, da ɗan abin da ya kashe a taya. Abin da na tara ya isa har da kuɗin jirgi. Ya miƙo min hannu ya ce, «Khalas, habibi,» wato an gama, abokina.

Na dubi hannun. A kara, in mai kaya ya sallama, magana ta ƙare, ko uban wa ya zo. Ban miƙa hannuna ba. Na ɗaga kai don kada mu haɗa ido, sai idona ya faɗa kan 'yar tagar da ke rufin motar, wadda ake turawa sama don iska.

A gidan ƙasa na tashi. Duk shekara kafin damina sai babana ya tura mu kan soro mu duba tsaga, mu yi yaɓe, mu zuba ruwa mu ga ko yana bin indararo ko yana neman hanyar ɗaki. Na ce wa tsohon saura abu ɗaya. Ƙasarsu ruwan sama baƙo ne, rufi zai iya shekaru a tsage ba wanda ya sani, mu kuwa in Agusta ta kama sai a yini ana yi. Wannan karon magana ce ta gaskiya, har Fasto ya ce da ita ya kamata mu fara tun tuni.

Aka jawo tiyon ban ruwan shukoki daga cikin gida. Na tattare riga na hau tsanin bayan motar, ni da gwiwar da ta hana ni gadon sama. Rufin ya yi zafi, gam ɗin da aka zagaye tagar da shi ya bushe ya yi fari yana ɓarewa. Na saki ruwa. Na bi gefe-gefe, na dawo tsakiya, na tsaya a kan tagar na daɗe, ruwa yana gangarowa yana jiƙa min wando, masu wucewa suna kallon tsohon da ke yi wa mota damina. Har na fara fid da rai sai na ji Fasto ya buga bango daga ciki ya ce in kashe.

Na sauko na shiga. Ruwa yana ɗiga daga kusurwar tagar, ɗis, ɗis, a kan katifar da na yi barci a kanta. Tsohon ya tara kofin shayi a ƙasa. Fasto ya hau kujera ya danna silin da babban yatsa ya zagaya, ya ce wurin da ya yi laushi bai fi tafin hannu ba, a kankare tsohon gam a sa sabo, a canza ɗan katakon, aikin yini guda ne, shi zai yi.

Na ce a'a. Na ce rufin da ya koyi yoyo ba ya mantawa, ka toshe nan ya ɓullo can, ba zan kai wa iyalina kwando ba. Na yi ta zuba, har da hannu. Fasto bai fassara ba, ya tsaya yana kallona.

«Baba Alhaji, ka dai gyara fuskarka. Ban taɓa ganin mai saye yana murna da yoyo ba.»

Na ce ruwa ne ya shiga min ido.

Tsohon bai nemi fassara ba. Ya zubar da ruwan kofin a waje, ya ɗauraye, ya zuba min shayi a ciki. Muka sha. Da za mu tafi ya raka mu har bakin titi, ya ce ko ba ciniki in riƙa zuwa shan shayi. Na ce inshallah. Kunya ba ta bar ni na koma ba. Bayan salla Fasto ya bi ta layin zuwa wani aiki, ya ce min babu komai a ƙarƙashin bishiyar sai ɗigon mai. Ni kuwa na ci gaba da ɗaurin kaya har shekarar da annoba ta tsayar da jirage, kago ya mutu, aka sallame mu, na dawo da jaka biyu, ɗaya duk turare ce.

Amma a ranar yoyon, da muka koma Hor Al Anz, ban shiga ɗaki ba. Na zauna a matakalar bene da jiƙaƙƙen wandona na kira uwar yara, lokacin su ko la'asar ba su yi ba. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, tagar da gam ɗin da katifar, na ce Allah ne ya rufa mana asiri, da mun sayi wahala da kuɗinmu. Na ce ta ƙara haƙuri, wata za ta fito wadda ta fi wannan. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Ina jin kukan akuyar maƙwabta ta cikin wayar. Sannan, ba da faɗa ba, ta faɗi maganar da har yau da muke kwana mu tashi gida ɗaya ban samo mata amsa ba.

«Namu ɗakin ma yana yoyo tun bara, Malam. A ciki muke kwana.»